Rediyo Mai Naɗe Littattafai

Da za a tara mutanen unguwar a ce su nuna wanda za a ba ajiyar sirri, babu mai nuna Rediyo, har ita kanta. Mahaifiyarta ce ta laƙaba mata sunan tun tana ƙarama, kuma har ta yi furfura bai bar ta ba. Masu adalci ma cewa suke an zalunci rediyon, don shi yana da wurin kashewa, batirinsa kuma yana ƙarewa. Ita kuwa ta kan san mace na da ciki kafin mijin ya sani, ta san wanda ya faɗi jarrabawa kafin a liƙa sakamako, kuma duk labarin da ta bayar sai ta rufe shi da "amma kada ki gaya wa kowa," ta wuce gida na gaba.

To wannan baiwar Allah ce aka ɗauka aiki a ɗakin karatun garin, aka zaunar da ita a teburin aro, daidai ƙarƙashin allon da aka rubuta A YI SHIRU. Wanda ya yi wannan zaɓin ko dai bai san ta ba, ko kuma yana da wata ƙullalliya da masu karatu. Ɗaki ne dogo mai kantocin ƙarfe, da fanka ɗaya mai kuka, da tagogi masu raga. Ɗalibai na zuwa su kifa kai a kan littafi su yi barci, dattawa na zuwa don jarida da iskar fanka. Can ciki akwai wani ƙaramin ɗaki da ake ajiye littattafan da sai an tambaya ake fito da su.

Shugaban wurin a lokacin wani tsoho ne da ake kira Mai Shela. Mutumin kirki ne, ba ya zagi, ba ya makara, illarsa ɗaya: Allah ya ba shi murya, shi kuma ba ya son ni'ima ta tafi a banza. Mutum zai zo ya sunkuya ya raɗa masa abin da yake nema, ya koma ya zauna. Mai Shela ya shiga ciki ya lalubo, ya fito ya tsaya a tsakiyar ɗaki yana ɗaga littafin sama.

"Ina mai basir? Ga littafinka an samu."

Rediyo na zaune ranar da wani dattijo mai kamala, da tsabtatacciyar riga, ya miƙe daga kujerarsa ya taka tsawon ɗakin nan don ya amsa wannan kira. Masu barci duk sun farka. Ya karɓa ya yi godiya, ya fita, kuma ba a sake ganin ƙeyarsa ba. Bayansa aka yi wata matashiya da ta nemi littafi kan rashin haihuwa. Kafin ta kai gida labarin ya riga ta, ta tarar da uwar mijinta a ƙofa tana jiran bayani.

Mutane sun yi saɓani kan abin da ya taɓa Rediyo. Wasu sun ce tausayi ne. Waɗanda suka fi saninta sun ce haushi ne, ba ta iya jure a ce wani ya riga ta watsa labari, kuma a banza, ba gishiri ba yaji. Ita dai ga yadda ta bayyana wa ƙawarta: abin da ta tsinta a titi da kunnenta da wahalarta, farautarta ce, ta ci ta ba maƙwabta. Wanda kuwa mutum ya ɗauko da ƙafarsa ya kawo mata tebur, ajiya ce. "Ni mafarauciya ce," in ji ta, "ba ɓarauniyar kajin ajiya ba."

Da Mai Shela ya yi ritaya ya tafi da muryarsa, Rediyo ta fito da nata tsarin. Ta riƙa bin magina tana karɓo buhunan siminti da suka zazzage, ta ɓare takardar tsakiya mai tsabta, ta goge, ta yanka. Duk wanda ya ari littafin da zai iya jawo masa magana, sai ta naɗe masa shi tsaf kafin ya fita. Ta yi ta jin daɗin wayonta, har sai da ta gano cewa ta sauƙaƙa wa 'yan sa ido aiki ne. Da can sai sun matso sun karanta bango. Yanzu daga nesa suke hango takardar siminti su san akwai abin kunya a ciki, sauran kuma su cike da nasu tunanin, wanda kullum ya fi na littafin muni. Wani malamin makaranta ya ari littafin ciwon gwiwa, kafin mako ya zagayo an ɗora masa cututtukan da ko likita bai san sunansu ba.

Ba ta daina ba, ƙarawa ta yi. Ta koma naɗe komai: ƙamus, lissafi, kiwon kaji, tatsuniyoyin yara. Garin ya cika da mutane masu yawo da ƙunshi mai ruwan ƙasa, 'yan sa ido suka rasa wanda za su zarga, don su ma 'ya'yansu da shi suke dawowa. Katin aro kuwa da an mayar da littafi take yaga shi a gaban mai shi. Da aka kawo kwamfuta, ta tsare mai haɗawa da surutu har sai da ya saita ta yadda da littafi ya dawo, sunan wanda ya ara zai goge. Mutumin ya tafi yana gunaguni, wai an sayi na'ura don ta riƙe abu, an sa shi ya koya mata mantuwa.

Masu tambaya ba su fasa zuwa ba. Uba ya zo jin abin da 'yarsa ke karantawa, mai shago ya zo kan ma'aikacinsa, wani babba a unguwa ya zo da hura hanci da "kin san ko ni wane ne." Duk amsa ɗaya suke samu.

"Littafi ne, ranka ya daɗe. Yana da bango, yana da shafuka."

In mutum ya matsa, sai ta buɗe masa tashar gaba ɗaya. Uban da ya zo kan 'yarsa zai fita ya san dalilin da ya sa mai kemis ya rufe shago, da wanda ya kashe auren ɗan mai gidan burodi, da inda akuyar maƙwabcinsa ta kwana, amma sunan littafin ko harafin farko bai samu ba. Sai ya kai bakin titi yake tuna abin da ya kawo shi.

Abokin aikinta, wanda ke riƙe teburin ranakun hutunta, wani magidanci ne mai gilashi da ake kira Malam Shiru. An ce tun da suka fara aiki tare bai taɓa samun sararin ƙarasa jimla ba, har ya saba. Ita ta koya masa naɗi, ita ta koya masa amsar bango da shafuka, kuma ita ta dasa masa dokar da take taƙama da ita: tebur ba ya zuwa gida, gida ba ya zuwa tebur. Ta maimaita masa har ya iya ta kamar sunansa.

Mijinta tela ne, siririn mutum mai ƙarancin magana, ko da yake ba a san ko haka aka haife shi ba ko aure ne ya mai da shi. Shagonsa na layin teloli, kuma an san shi da ɗinkin da ba a mayarwa gyara. Ɗakin karatu bai taɓa burge shi ba. "Masu gadin takarda" yake ce musu, shi kuwa ko da ya iya karatu, ba ya karanta komai sai lambobin da ke jikin tef ɗin awo. Yana son matarsa, wannan ba a musu. Amma shekaru sun koya masa cewa abin da ya faɗa mata da safe, zai ji shi da rana a bakin mai gyaran takalma, an ƙara masa hannu da aljihu. Don haka hirarsu ta gida ta tsaya a kan abinci da yara da ruwan famfo.

A shekarar da autarsu ta tafi makarantar kwana, Tela ya fara wasu 'yan abubuwa. Ya buge kafaɗa da ƙofar da ya yi shekara da shekaru yana wucewa. Ya ɗora aljihu a karkace, ya farke ya sake ba tare da ya ce komai ba. Ya ce masu yin allura na yanzu ba su da tsoron Allah, kullum ƙara matse kafar suke yi. Rediyo, wadda ke gane ciki ɗan wata biyu daga tafiyar mace a ɗaya gefen titi, ba ta ga komai ba. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ranar da ta kai masa abincin rana shago, ya fita sayo zare, ta ɗaga tarin ƙyallaye don ta sami wurin ajiye kwano, sai ga ƙunshin takardar siminti. Ta tsaya tana kallonsa. Takardarta ce, amma naɗin ba nata ba ne, Malam Shiru ne ke ninka kusurwa sau biyu haka. Wato mutumin da ke kiransu masu gadin takarda ya je ɗakin karatu, ya kuma zaɓi ranar da ba ta nan. Ta ɗaga ƙunshin ta auna nauyinsa, ta shafa gefen. Babban yatsanta ya shiga ƙarƙashin ninkin da kansa. Ta zare shi, ta mayar da ƙyallayen yadda suke, ta fito zuciyarta na tafasa.

Wanzami ba ya son jarfa. Washegari tun kafin Malam Shiru ya ajiye jakarsa ta tare shi.

"Malam, maigidana ya zo nan?"

Ya cire gilashi ya goge. "Mutane da yawa suna zuwa, Malama."

"Kada ka yi mini wannan. Me ya ara?"

"Littafi ne," in ji shi a hankali. "Yana da bango..."

"Ni za ka karanta wa bango? Ni na koya maka."

"Ke kika koya mini. Kin ce gida ba ya zuwa tebur."

Karo na farko ke nan da ya ƙarasa jimla a gabanta, kuma sai ya zaɓi wannan. Ta zauna ta zuba wa kwamfutar ido. Littafin bai dawo ba, saboda haka na'urar ba ta manta ba tukuna, taɓawa biyu kawai za ta yi. Ta daɗe a haka, sannan ta jawo ƙyallen da ake rufe ta da shi saboda ƙura ta lulluɓe ta, da rana tsaka, mutane na jira. A ranar, da hannu ta riƙa rubuta aro, kuma duk wanda ya zo ya sha faɗan da bai san dalilinsa ba.

Kamar wannan bai isa ba, sai ga Yaya, babbar yayar Tela, matar da ta goya shi kuma har yau ba ta yarda ta sauke shi ba. Ita ma ta hango shi yana fitowa daga ɗakin karatu da ƙunshi a hammata, kuma ta lura ya rame.

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji Yaya, tana gyara zama a kan kujerar da ta fi kyau. "Me ƙanena yake karantawa?"

"Ban sani ba, Yaya."

"Ba ki sani ba. Ke da ko atishawa aka yi a ƙarshen layi sai kin kai rahoto. Ke kika naɗe garin nan kaf a takarda, ki je ki warware ɗaya mana. Mijinki ne."

"Ba ni ya ba ajiya ba."

"To ki tambayi kanki dalili," in ji Yaya, ta shuri takalmanta.

Ba ta buɗe ƙunshin ba, ba ta taɓa na'urar ba, amma akwai abin da ba ta yi tanadinsa ba. Wanda ya shekara yana jera littattafai ya san kantocinsa kamar yadda harshe ya san haƙora, ko ɗaya ya fita sai ya ji giɓin. Tana mayar da littattafai a ƙaramin ɗakin ciki, a kantar lafiya, idonta ya faɗa kan wani giɓi tsakanin littafin ciwon kunne da na haƙori. Ta kau da kai da sauri, amma aikin gama ya gama. Ta san mai zama a wurin: wani shuɗi mai kauri, kan cututtukan ido. Kaurinsa daidai da abin da ta auna a shago.

Nan ta zauna a kan ɗan matakin da ake takawa a ɗauko na sama. Ƙofar da ya buge, aljihun da ya karkace, masu allura marasa tsoron Allah, duk suka zo suka jeru. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba, don ba ta san Tela ba tare da kekensa ba, kuma ba ta jin shi ma ya san kansa. Bayan tsoron sai kunya. Ba sai ta tambayi kanta dalili ba, kamar yadda Yaya ta ce. Telan da aka ji idonsa na tafiya, wa zai sake ba shi yadi? Kuma ta wace ƙofa labarin zai fita in ba ta bakinta ba? Mutumin ya yi lissafinsa daidai, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Kwanakin da suka biyo baya ta gane cewa da gaske ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba, kuma ta gane nata bai saba da wannan aikin ba. Riƙe sirrin baƙo a tebur abu ne mai sauƙi, yana fita ta shiga wata hira. Wannan kuwa da shi take kwana, da shi take tashi. Ga shi a tebur ta samo shi, dokarta ta hana ta kai shi gida ko ga mai shi. Ta zuba masa abinci, ta matsar da kujera daga hanyarsa kamar shara take yi, ta yi shiru. Maƙwabta suka fara leƙowa suna yi mata sannu da jiki, don a saninsu ciwo ne kaɗai ke kashe wannan tashar.

Ranar wata Laraba da hantsi, ta ɗago kai daga naɗi sai ta gan shi a layi, bayan wasu ɗalibai, da tef ɗinsa a wuya da ƙunshin a hannu. Bai tsallake kowa ba. Da layi ya zo kansa ya ajiye ƙunshin a tebur, ya sunkuyo kamar yadda kowa ke yi.

"Mayarwa ne?" ta tambaya.

"A'a. Rubutun ne ya yi ƙanana. Ana karanta wa mutum a nan?"

"Ana yi."

"Likita ya ce hawan jinin ido ne. Ya yi bayani da sauri, ga mutane a bayana, ban kama rabi ba. Na ce bari in karanta da kaina." Ya ɗan murmusa. "Sai na tuna da me ake karatun."

Ta so ta riƙe, amma ta kasa. "Baban yara, a ɗaki ɗaya muke kwana. Me ya hana ka gaya mini a gida?"

Ya dube ta, ba fushi a fuskarsa. "A gida Rediyo ce. Nan kuwa an ce akwai wata mata da ba a taɓa jin maganar kowa a bakinta ba. Wurinta na zo."

Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Ta kira Malam Shiru ya riƙe tebur, ta shiga da mijinta ɗakin ciki, ta ba shi matakin ya zauna. Ta warware takardar, ta buɗe shuɗin littafin, ta nemo babin. Ta karanta masa cewa abin da ya tafi na gani ba ya dawowa, amma wanda ya rage ana iya riƙe shi in an kiyaye maganin ɗigawa kuma ba a yi wasa da komawa asibiti ba. A wajen "ba ya dawowa" muryarta ta karye, ta tashi sama kamar yadda ta saba.

"Rage murya, Malama," in ji Tela. "Ba ki ga allo ba?"

Daga ranar layin teloli ya sami sabuwar al'ada. Kullum da safe, a hanyarta ta zuwa aiki, Rediyo na biyawa shagon mijinta ta tsaya jikin keke, ta buɗe labaran gari da ƙarfi yadda har shago na uku za a ji. Teloli na dariya suna tausaya wa mutumin da ko a wurin sana'a bai tsira ba. Suna can suna sauraron yadda aka yi da akuyar wane, babu mai kallon yatsunta, waɗanda ke zura zare a allurar keke, su zura a na hannu, su jera su a jikin ƙyalle inda hannunsa zai kai.

Yaya ba ta haƙura ba. Ta dawo wata ranar hutu da yamma, ta tarar da Rediyo na ninkin wanki a falo, Tela na ciki yana hutawa bayan labule.

"An ce an gan ku a ɗakin ciki kina karanta masa. To yanzu kin sani. Mene ne?"

Nan ba tebur, ba allo, ba Malam Shiru. Falonta ne, inda ba a taɓa tambayarta abu sau biyu ba, kuma mai tambayar tana da haƙƙi daidai gwargwado. Rediyo ta ɗauki wata riga ta ninke hannayenta.

"Littafi ne, Yaya. Yana da bango, yana da shafuka. In ƙanenki ya so ki ji, yana da baki."

Yaya ta yi faɗan da za ta yi, ta ambaci goyo da tarbiyya da matan zamani, ta tafi ba sallama. Gidan ya yi tsit. Can labule ya motsa, Tela ya fito yana dafa ƙofa, ya zauna kusa da kwandon wankin. Ya ɗauki ɗan lokaci yana juya wata safa a hannu.

"Maman yara," ya ce, "idon hagun ya kusa tafiya gaba ɗaya. Jibi zan koma wurin likita. Ina jin tsoro."

A falo ya faɗa, a gida, ga Rediyo. Ta buɗe baki, kalmomi sun yi cincirindo kamar kullum, ta mayar da shi ta rufe. Ta karɓi safar daga hannunsa ta nemo 'yar'uwarta a kwando.

"To," ta ce. "Tare za mu je."